Dogon Sukarin da Ke Tayar da Garkuwar Jiki: Ina Ƙarfinsa Ya Tsaya a Kan Ciwon Daji?

A shekarar 1969 wani masani mai suna Goro Chihara, da ke aiki a cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa a Tokyo, ya dafa wani naman kaza da ake kira shitake a ruwan zafi, ya yi ta tace ruwan har ya ware wani gari daga cikinsa. Da ya yi wa ɓerayen da aka dasa wa ƙari, wato kumburin ciwon daji, a ƙarƙashin fata allurar wannan gari, sai ƙarin ya daina girma, a jikin wasu ma ya ɓace gaba ɗaya. Ya raɗa masa suna lentinan. Abin da ya fi ɗaure kai ya zo daga baya. In aka zuba lentinan kai tsaye a kan ƙwayoyin ciwon daji a cikin kwanon gwaji, ko gezau ba sa yi. In kuma aka ba ɓeran da aka cire wa taimus tun yana jariri, wato 'yar tsokar nan ta cikin ƙirji inda wasu sojojin garkuwar jiki suke ƙosawa, sai maganin ya tashi a banza. Ashe ba garin ne ke kashe ƙarin ba. Jikin ɓeran ne ke yin aikin, shi garin tayar da shi kawai yake yi.

Duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin maganar. Waɗannan sinadarai ba guba ba ne ga ciwon daji, ƙararrawa ce. Ita kuwa ƙararrawa amfaninta ya dogara da wanda ya ji ta, da ko yana da makami a hannu, da ko ya san inda maƙiyin yake.

Masana suna kiran wannan dangi folisakarayid, ma'ana sukari masu yawa da aka ƙulla su wuri ɗaya kamar sarƙa, wani lokaci ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Bari mu kira shi dogon sukari. Ba baƙon abu ba ne. Sitaci dogon sukari ne, zaren auduga ma haka, kuma dukansu da tubali ɗaya aka gina su, wato gulukos. Abin da ya raba su shi ne yadda aka ɗaura kowane tubali da na kusa da shi. Ɗaurin sitaci, wanda ake kira alfa, hanjinmu na iya kwance shi, shi ya sa yake zama abinci. Ɗaurin da ake kira beta ya fi ƙarfinmu. A cikin masu ɗaurin beta akwai wani nau'i da ke da ƙashin baya mai ɗaurin 1,3 da rassa masu ɗaurin 1,6, kuma shi ne ginshiƙin bangon ƙwayoyin fangas: yis, da naman kaza, da irin fangas ɗin da ke sa cuta. Sunansa betagulukan. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi ko kaɗan. Saboda haka duk ranar da garkuwar jiki ta ci karo da shi a cikin tsoka ko jini, fassara ɗaya take yi masa: fangas ya shigo.

Su wa ke yin wannan fassara? Garkuwar jiki runduna biyu ce. Akwai wadda ake haihuwar mutum da ita, mai saurin kai ɗauki ba tare da dogon bincike ba: makrofaj masu haɗiye duk abin da ba su yarda da shi ba, nutrofil waɗanda suka fi kowa yawa cikin fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin dendiritik masu kai rahoto, da ƙwayoyin NK masu kisa. Sai runduna ta biyu mai koyo da tunawa, ƙwayoyin T da na B, waɗanda sukan ɗauki kwanaki kafin su shirya amma ba safai suke kuskuren saiti ba. Dogon sukari da runduna ta farko yake magana. A shekarar 2001 Gordon Brown da Siamon Gordon a Jami'ar Oxford suka gano cewa wani furotin a fatar makrofaj, mai suna Dectin-1, aikinsa shi ne shinshino betagulukan. Da zarar ya kama shi sai saƙo ya bi cikin ƙwayar: ta haɗiye abin, ta fesa sinadarai masu ƙuna, ta saki saƙonnin kiran 'yan'uwa. Ƙwayoyin dendiritik da suka ji wannan kira sukan ƙosa, su ɗauki guntayen abin da suka tarar a wurin su kai wa ƙwayoyin T. Wannan ya bayyana abin da Chihara ya gani shekara talatin kafin nan, na cewa in babu taimus babu aiki.

To me ya haɗa faɗa da fangas da faɗa da ciwon daji? Matsalar ƙari ita ce ɗan gida ne. Ƙwayoyin jikin mutum ne da suka bijire, ba su ɗauke da tambarin baƙo irin na ƙwayar cuta. Ba su tsaya nan ba, har janyo makrofaj suke yi su mai da su bayinsu, su riƙa taya su shimfiɗa sababbin jijiyoyin jini, suna kuma lallashin ƙwayoyin T su kwanta. Da ɗan gari akan ci gari. A wasu nau'o'in ƙari, waɗannan makrofaj da aka saye suna da kaso mai tsoka na jikin ƙarin kansa. Fatan da ake yi shi ne, in aka kaɗa musu ƙararrawar fangas, za su farka daga wannan bauta su koma halinsu na faɗa, wutar da suka kunna kuma ta lashi ƙarin da ke kusa. An ga hakan na faruwa a ɓeraye sau da yawa.

Akwai wata hanya ta biyu wadda ni ta fi burge ni, domin dabara ce mai kyau. A jini akwai wasu furotin da ake kira kwamfilimen, aikinsu shafa wa maƙiyi alama. Nutrofil na da wata kafa mai suna CR3 da ke gane wannan alama, amma alamar ita kaɗai ba ta sa shi kisa. Sai ya ji abu biyu a lokaci guda, alamar da kuma betagulukan, kamar ƙofar da ba ta buɗuwa sai da makulli biyu. A jikin fangas duka biyun suna nan. A jikin ƙwayar ciwon daji kuwa, ko an shafa mata alamar, babu betagulukan, sai nutrofil ya wuce abinsa. Gordon Ross da abokan aikinsa a Jami'ar Louisville ta Amurka suka nuna cewa in aka ba jiki betagulukan daga waje, makulli na biyu ya samu, nutrofil zai afka wa ƙwayar ciwon daji yana zaton fangas ce. A 2004 suka bi sawun betagulukan da aka ɗura wa ɓeraye ta baki, suka ga makrofaj na hanji sun haɗiye shi, sun kai shi saifa da ɓargo, sun farfasa shi ƙanana, guntayen kuma suka maƙale a kafar CR3 ta nutrofil. Amma a lura da sharaɗin: dole sai an riga an shafa wa ƙarin alama, kuma abin da ke jawo alamar shi ne antibodi, wato furotin da ƙwayoyin B ke ƙerawa don ya manne wa maƙiyi takamaimai, in ya kama ƙarin. Ke nan betagulukan abokin tafiya ne ga maganin antibodi. Shi kaɗai ba shi da saiti.

Hanya ta uku sabuwa ce. An daɗe ana karantar da ɗalibai cewa runduna ta farko ba ta da tunani, kullum sabuwa take wayar gari. Mihai Netea da ƙungiyarsa a Nijmegen ta ƙasar Holan suka nuna ba haka ba ne, suka kira abin garkuwa horarriya a 2011. Ƙwayar da ta taɓa haɗuwa da betagulukan takan sauya yadda take buɗe wasu shafuka na kundin gadonta, ta kuma sauya yadda take ƙona sukari, ta yadda in ta sake gamuwa da barazana, ko ba ta fangas ba, martaninta yakan fi na farko zafi. Horon har ɓargo yake kaiwa, inda ake ƙera sababbin ƙwayoyi. A 2020 wani bincike da aka jagoranta daga Dresden ta Jamus ya nuna ɓerayen da aka yi wa allurar betagulukan kafin a dasa musu ƙari sun fi daƙile shi, kuma da aka ɗebi ɓargonsu aka dasa wa wasu ɓeraye, kariyar ta bi ɓargon.

Duk wannan a ɓera ne. Tambayar da ke gaban mara lafiya da danginsa ita ce, a mutum fa?

A nan dole a koma Japan, domin ita ce ƙasar da ta ɗauki abin da gaske har ta shigar da shi asibiti. A 1977 aka amince da PSK, mai sunan kasuwa Krestin, wanda kamfanin Kureha ya fitar daga wani naman kaza mai tsirowa a kan ruɓaɓɓen itace, wanda zanensa ya yi kama da jelar talotalo. Shi dogon sukari ne da ke manne da furotin, ana shan giram 3 a rana. A 1985 aka amince da lentinan a matsayin allurar jijiya ga masu ciwon dajin tumbi. A 1986 sai sizofiran, daga wani naman kazan daban, ga masu ciwon dajin bakin mahaifa da ake yi wa gashi, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura. Krestin ya yi kasuwa ƙwarai a shekarun 1980, har a 1989 hukumomin lafiya na ƙasar suka sake duba hujjojin, suka taƙaita shi: ba a bayar da shi shi kaɗai, sai tare da kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin ciwon daji kai tsaye, kuma a wasu nau'o'in cutar kawai.

Gwajin da aka fi ambata ya fito a mujallar Lancet a 1994. Marasa lafiya 262 ne da aka yi wa tiyatar cire ciwon dajin tumbi, aka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu kemo kaɗai, wasu kemo da PSK. Bayan shekara 5, kashi 73 cikin 100 na masu PSK suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 60. Wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai da aka tattara gwaje-gwaje 8 masu marasa lafiya 8,009 a 2007, fa'idar ta ragu zuwa raguwar haɗarin mutuwa da kusan kashi 12 cikin 100. Akwai ta, amma ba ta kai yadda gwaji ɗaya ya nuna ba. Shi kuwa lentinan, tattara tsofaffin gwaje-gwaje 5 masu mutum 650 ta nuna yana ɗan ƙara tsawon rai ga masu ciwon dajin tumbi da ya yi nisa. Amma da aka sake gwada shi da kyau tare da maganin kemo na zamani mai suna S-1, a kan mutum kusan 300, sakamakon da ya fito a 2016 bai nuna wani ƙarin rai ba. A 2022 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne auna ingancin gwaje-gwajen magani, ta duba gwaji 7 na PSK da danginsa a ciwon dajin babban hanji, ta ce hujjar mai rauni ce. Haka ta ce tun da farko game da naman kazan reishi, wanda Sinawa ke kira lingzi: gwaji 5 ne kacal suka cancanci dubawa, kuma ba su isa a ce a dogara da shi a matsayin magani na farko ba. Har yau hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu a matsayin maganin ciwon daji ba.

Me ya sa abin da ke narkar da ƙari a ɓera yake zama ɗan taimako, ko ma ba komai, a mutum? Dalilan suna da yawa, kuma a ganina sun fi sakamakon kansa koyarwa.

Na farko shi ne ɓeran. Ƙarin da aka yi amfani da shi a gwaje-gwajen farko, mai suna Sarcoma 180, dasa shi ake yi daga ɓera zuwa ɓera, ba a jikin wanda ke ɗauke da shi ya tsiro ba. Garkuwar jiki na ganinsa baƙo tun asali, ɗan zuga kaɗan ya ishe ta ta kore shi. Ƙarin mutum kuwa ya yi shekaru yana girma a gidansu, ya san duk lungunan ɓuya, ya riga ya kawar da ƙwayoyinsa da garkuwa ke iya ganewa.

Na biyu shi ne kalmar betagulukan kanta, wadda take rufe abubuwa masu bambanci sosai. Na hatsin ots da sha'ir ɗaurinsa 1,3 ne gauraye da 1,4, ba shi da rassa, kuma abin da aka tabbatar yana yi shi ne rage kwalastarol, wani maiƙo da ke cikin jini. Na yis daban, na naman kaza daban. Tsawon sarƙar, yawan rassa, ko tana narkewa a ruwa ko ba ta yi, ko ta murɗe igiya uku kamar yadda lentinan yake yi, kowanne na sauya yadda garkuwa za ta ji ta. A 2011 ƙungiyar David Underhill a Los Angeles ta nuna cewa betagulukan mai narkewa yana kama Dectin-1 amma ba ya kunna shi, sai mai tsaki-tsaki, wanda ke tara kafofi da yawa wuri ɗaya kamar yadda bangon fangas na gaske zai yi. Akwai ma wani gajere daga ciyawar teku, laminarin, da masu bincike suka daɗe suna amfani da shi wajen toshe wannan kafa. Abu biyu masu suna ɗaya, ɗaya na buɗe ƙofa, ɗaya na tokare ta.

Na uku ya fi ban tsoro ga duk mai karanta rahotannin bincike. A 1943 Murray Shear a cibiyar ciwon daji ta Amurka yana neman sirrin maganin William Coley, likitan New York da tun 1891 yake yi wa masu ciwon daji allurar bakteriya don ya tayar musu da zazzaɓi. Shear ya ware wani sinadari daga bakteriyar da ke sa ƙarin ɓera ya zubar da jini ya ruɓe, aka yi ta kiransa dogon sukarin Shear. Daga baya aka gane gubar bangon bakteriya ce, LPS, kuma ɓangaren kitsen da ke jikinta ne ke yin aikin. Wannan guba tana ko'ina, a ruwa, a ƙura, a kwanukan gwaji, tafasawa ta yau da kullum ba ta lalata ta, kuma ɗigo mafi ƙanƙanta ya isa ya haukata makrofaj. Saboda haka duk rahoton da ya ce an samo dogon sukari daga saiwar wani tsiro ko ganyensa ya tayar da makrofaj a kwano, tambayar farko ita ce ko an tabbatar babu LPS a ciki. Rahotanni da yawa ba su yi wannan tantancewa ba.

Sannan ita kanta tayar da garkuwa ba kullum take zama alheri ba. Kumburi mai daɗewa yana cikin abubuwan da ke ciyar da ciwon daji. A 2017 wani bincike a Jami'ar New York ya nuna cewa a ciwon dajin fankiriyas, tsokar nan ta bayan tumbi da ke ƙera insulin, kunna Dectin-1 a jikin makrofaj taimakon ƙarin yake yi, yana danne ƙwayoyin T. Kafa ɗaya ce, amma sakamakon ya juya saboda wuri ya sauya.

Duk wannan ne ya sa raina ke ɓaci da yadda ake tallan garin naman kaza da ƙwayoyinsa a intanet da kalmomin "yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana yaƙar ciwon daji". Ana aron sunan binciken Japan a lulluɓe abin da ba shi aka gwada ba. Lentinan da aka gwada tataccen sinadari ne da ake sa miligiram 2 a jijiya a mako. PSK da aka gwada daga zaɓaɓɓen iri guda aka fitar da shi ta hanya ƙayyadaddiya. Kuma a duk gwajin da ya nuna fa'ida, an riga an yi wa mara lafiya tiyata ko ana ba shi kemo ko gashi. Garin da ke cikin kwalba kuwa, a ƙasashe da yawa ƙarin abinci ne a idon doka. A Amurka, dokar 1994 ta ba da damar sayar da irinsa ba tare da an fara tabbatar da yana aiki ba. Wasu ma a kan hatsi ake rainon fangas ɗin a niƙe su tare, sai ya zama yawancin dogon sukarin da aka rubuta a jikin kwalbar sitaci ne. Kuma kasancewar abu na halitta ba ya wanke shi daga illa. An samu rahotannin lalacewar hanta ga masu shan garin reishi, da kuma wasu masu ciwon daji a Japan da suka sha wani naman kaza mai suna agarikus. Shitaken da bai dahu ba yana fesa wa wasu mutane jajayen layuka a fata kamar shatar bulala, kuma lentinan ake dangantawa da hakan.

Babbar illar dai ita ce jinkiri. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan marasa lafiya 281 da ciwonsu bai bazu ba, waɗanda suka zaɓi magungunan gefe kaɗai suka bar na asibiti, suka kwatanta su da 560 da suka karɓi magani. A rahoton da ya fito a 2018, haɗarin mutuwar rukuni na farko ya ninka sau biyu da rabi. A ciwon dajin mama ya haura ninki biyar. Mutane ne da tiyata za ta iya ceto da yawansu.

Ban faɗi wannan don a yi watsi da fagen ba. Ina ganin yanzu ne ma ya fara samun gurbinsa na gaskiya. Tun da James Allison da Tasuku Honjo suka karɓi kyautar Nobel a 2018 kan magungunan da ke cire wa ƙwayoyin T birki, matsalar likitoci ta zama wata: magungunan suna yin abin al'ajabi ga wasu, amma mafi yawan marasa lafiya ba sa amfana, sau da yawa saboda babu wanda ya kira ƙwayoyin T zuwa wurin ƙarin. Cire birki ba ya motsa motar da ba a tayar ba. Aikin tayarwa kuwa na runduna ta farko ne, wadda dogon sukari ya iya magana da ita. An gwada wani tataccen betagulukan na yis mai suna Imprime PGG a kan wannan tunani. Babban gwajinsa a ciwon dajin hanji an dakatar da shi ba tare da ya nuna fa'ida ba, amma an koyi wani abu: ba ya aiki sai a jinin mutumin da ke da isassun antibodi masu kama betagulukan, kuma yawansu ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wataƙila shekara da shekaru ana ba kowa da kowa abin da wasu ne kawai jikinsu ke iya ji.

Akwai kuma hanyar da ba ta bi ta jini ba sam. Yawancin dogon sukarin da muke ci a hatsi da wake da ganye ba ya narkewa, sai ya isa babban hanji bakteriyar da ke can su ci, su fitar da ƙananan sinadarai irin su butiret da ke tasiri a kan ƙwayoyin garkuwa. A 2021 masu bincike a cibiyar MD Anderson ta Houston suka duba masu ciwon dajin fata 128 da ke karɓar maganin cire birki, suka ga waɗanda ke cin aƙalla giram 20 na irin wannan dusar abinci a rana sun fi daɗewa ciwonsu bai ci gaba ba. Lura ce aka yi, ba gwajin ƙuri'a ba, don haka ana kan bin ta da gwaji.

Aikin da na fi ganin ya bi ƙa'idar abin sau da ƙafa shi ne na Nai-Kong Cheung da abokansa a cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, a kan niyurobilastoma, wani ciwon daji mai tsanani da ke kama ƙananan yara. Ba su ɗauki betagulukan a matsayin magani ba. Suna yi wa yaran da aka riga aka kwantar wa ciwon wata allurar rigakafi da ke koya wa jiki gane tambarin GD2 da ke fatar ƙwayoyin cutar, sannan su ba su betagulukan na yis su sha don ya zuga martanin. Rigakafin ya ba da saiti, sukarin ya ba da ƙaimi. A gwajin ƙuri'a na marasa lafiya 107 da aka wallafa a 2023, waɗanda suka fara sha tun daga allurar farko sun ƙera antibodin GD2 fiye da waɗanda aka jinkirta musu da makonni, ba tare da ƙarin illa ba, kuma a cikin yaran gaba ɗaya, waɗanda antibodinsu ya fi yawa su ne suka fi daɗewa ciwon bai dawo musu ba.